Wuƙar aljihu da alamar Agadas

Shekarar da na shiga kwaleji kakana ya rasu. Bayan an fitar da littattafansa da buzunsa da tasbaha an ba masu haƙƙi, sai aka ga wata ƴar wuƙa kwance a ƙasan gafaka, ba wanda ya damu da ita. Ni aka miƙa wa, domin ni ne yaron da ke tsaye kusa. Wuƙa ce mai naɗewa, irin wadda ruwanta ke komawa ya kwanta cikin mariƙinta, a jefa ta aljihu ba tare da kube ba. Mariƙin farin ƙarfe ne, ba itace ba, kuma yawan wasawa ya cinye ruwan har ya zama siriri kamar ganyen dawa. A jikin mariƙin akwai zanen da duk ɗan Nijar zai gane tun daga nesa, wato alamar Agadas, wadda Faransawa ke kira croix d'Agadez. Na daɗe ina ɗauka aikin maƙeran Abzin ne. Sai da na iya karatun ƙananan haruffan da ke jikinta na fahimci a Faransa aka ƙera ta, sunanta kuma El Baraka.

Yadda aka yi zanen Abzinawa ya tafi Faransa, ya hau kan wuƙa, ya dawo ya shiga gafakar wani malamin allo a karkarar Maraɗi, shi ne abin da nake son mu bi sawunsa tare da mai karatu.

Kafin zuwan wannan baƙuwa, wuƙa a ƙasar Hausa abu ce da ake gani. Namiji yana rataye ta a ƙugu, ko ya zura ta a damtse cikin kube mai zobe na fata, kamar yadda har yanzu ake ganin wasu makiyaya da ita a kasuwannin Adar da Damargu. Kowace sana'a da irin tata: askar wanzami daban, wuƙar mahauci daban, ta baduku daban, ta mai gyaran ƙwarya daban. Kuma kowace wuƙa ɗaya sai ta bi ta hannun mutane da yawa kafin ta isa ga mai ita. Akwai masu haƙo tama su narka ta, akwai maƙerin baƙi da ke buga ruwan a kan uwar maƙera, akwai mai sassaƙa mariƙi, akwai baduku mai ɗinka kube ya yi masa ado da jar fata da koriya, wani lokaci har maƙerin fari ya sa hannu da tagulla ko azurfa. Idan aka dubi wuƙar mutum, ana iya faɗin garinsu da sana'arsa da abin da aljihunsa ke iya ɗauka. A ƙasar Adar narkar tama ta daɗe ba ta mutu ba, har wata Bafaranshiya mai binciken al'adu, Nicole Echard, ta samu maƙeran da suka san aikin a shekarun 1960, ta ɗauke su a majigin da ta sa wa suna Noces de feu.

Wani abin da ke ba ni dariya a matsayina na malamin harshe shi ne, tun kafin wuƙa ta shiga cikin aljihun Bahaushe, ta riga ta hau bayan aljihun. Zanen nan mai dogayen tsini da masu ɗinkin hannu ke yi a ƙirjin babbar riga, sunansa aska: akwai aska biyu, akwai aska takwas. Sarakuna da attajirai sun yi ƙarni suna yawo da asake na zare a kan aljihu, ta ƙarfen kuwa tana waje cikin kubenta.

Kada a ɗauka ƙarfen Turai bai san hanyar ƙasarmu ba sai da mulkin mallaka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdul Karim, ya sauka Agadas a 1850, ya biyo ta Tasawa a farkon 1851, ya wuce Katsina da Kano. Cikin hajar da ya tarar ayarin Sahara na kawowa kasuwar Kano har da ruwan takubba masu yawa, galibinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, da asake daga yankin Sitiriya na ƙasar Ostiriya. Amma ga inda zancen yake: ruwan takobin tsirara yake zuwa. A nan ake yi masa mariƙi, a nan ake ɗinka masa kube da hamila, sannan a sayar wa Abzinawa da sauran masu bukata. Baƙon ƙarfe yana shigowa ne ya ba maƙeri da baduku aiki. Takobin da Ba'abzine ke alfahari da shi, rabinsa na bakin kogin Rhin ne, rabinsa na Kano ko Agadas, kuma ba wanda ya ga aibin haka.

Wuƙar aljihu ta saɓa wannan tsari. Ta zo a gama, da ruwanta da mariƙinta, kuma mariƙin shi ne kubenta. Ba ta bar wa kowa abin yi ba sai mai sayarwa.

Dabarar naɗe wuƙa tsohuwa ce ƙwarai. An tono irinta a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, mai mariƙin ƙashi, wadda aka ƙiyasta an yi ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa ma sun yi amfani da ita. Abin da ƙarni na 19 da na 20 suka ƙara shi ne araha da yawa. A nan ne garin Thiers, wanda ake furtawa Tiyer, ya shigo labarinmu. Gari ne a tsakiyar Faransa, cikin duwatsun Obernyi, an gina shi a gangaren wani kwazazzabo da kogin Durolle ke bi da ƙarfi. Tun ƙarni na 15 ake ƙera wuƙaƙe a can, kuma har gobe mafi yawan wuƙaƙen da ake yi a Faransa daga nan suke fitowa. A da, ruwan kogin ne ke juya manyan duwatsun wasa wuƙa. Masu wasawar suna kwanciya rub da ciki a kan katako bisa dutsen, yini guda, cikin sanyi da laima, ƙurar dutse tana rina musu ciki, har aka yi musu laƙabi da masu rawayan ciki. Da yawansu suna da kare wanda ke kwanciya a kan ƙafafunsu don ya ɗumama su. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibaina tsofaffin hotunan waɗannan mutane, sai aji ya yi tsit, domin ba haka suka zaci Nasara ba. Talakan can ne ya wasa wuƙar da talakan nan ya saya.

A shekarar 1929 wani mai masana'anta a Tiyer, Gaspard Cognet, ya fito da wata wuƙa da ya yi niyyar sayarwa a tsibiran Melaneziya, can tekun Pasifik. Ya rage mata duk abin da za a iya ragewa. Guntaye shida ne kacal: ruwan wuƙa na ƙarfe mai saurin kama kaifi, fallen ƙarfe ɗaya da aka ninke biyu ya zama mariƙi, wani siririn ƙarfe mai tauri da ke kwance a bayan mariƙin yana riƙe ruwan a buɗe ko a rufe, ƙusoshi biyu, da ɗan zobe na ratayewa. Babu itacen da zai kumbura da damina ko ya tsage da bazara, babu abin da gara za ta ci. A kan mariƙin ya buga hoton wani dodo mai doguwar hula mai tsini, jikinsa lulluɓe da ganye. Wannan dodo na wata ƙungiyar asiri ce ta mutanen tsibirin New Britain, a ƙasar Papuwa Niyu Gini ta yanzu, sunansa Duk-Duk, daga nan wuƙar ta samu suna Douk-Douk. Kunnen Bahaushe zai ji kamar ana cewa duk-duk, wato mai yin kowane aiki. Dacewa ce kawai, amma da Cognet ya san Hausa da bai samu sunan da ya fi wannan ba.

Kasuwar Melaneziya ba ta karɓe ta ba. Sai aka juya da hajar zuwa Afirka ta Arewa, inda ta samu shiga ta ban mamaki, musamman a Aljeriya, daga can kuma ta bazu zuwa sauran ƙasashen da Faransa ke mulka a kudancin Sahara. Masana'antar ta fitar da ƴan'uwanta masu zane daban, kowace da kasuwar da aka nufa da ita: akwai mai hoton kurege, akwai Tiki mai hoton gunkin mutanen Polineziya, akwai kuma El Baraka, wadda aka cire mata dodo aka sa alamar Agadas. Dalilin a fili yake. Musulmi da yawa ba za su so su yi salla da hoton dodon wasu mutane a aljihu ba. Sunan kuwa shi ne kalmar Larabci da mu ma muka ara muka ce albarka.

A nan nake tsayawa in yi tunani. Alamar Agadas aikin maƙeran Abzinawa ce, waɗanda ake kira inadan: su ke siffanta ta da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin su zuba azurfa a gurbinsa, sannan su bi ta da magagari da zane. Kowace ɗaya da hannun wanda ya yi ta. A Tiyer kuwa inji ne ke buga ta a kan ƙarfe, dubu bayan dubu, duka iri ɗaya, domin ta jawo hankalin mai saye. Ba na cikin masu kiran wannan sata da babbar murya, tunda zane yana tafiya kamar yadda kalma ke tafiya, mu ma mun ari na wasu. Sai dai ya kamata a faɗa wa yara abin yadda yake: an yi amfani da adonmu an sayar mana da hajar da ta rage wa maƙeranmu ciniki. Wuƙa da nama duka suna hannun mai masana'anta.

Douk-Douk ba ita kaɗai ba ce a fagen. Jamusawa sun riga Faransawa, domin tun 1902 ake ƙera wata wuƙa a Solingen musamman don kasuwannin Afirka, aka sa mata sunan okapi, dabbar kurmin Kwango da masanan Turai suka sani shekara ɗaya kafin nan. Ita tana da mariƙin itace da zoben da ake ja kafin a rufe ta. Ta yi suna a kudancin Afirka har zuwa Jamaika, kuma a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Sai Opinel, wadda malamai da ma'aikatan da suka yi karatu a Faransa suka fi sani. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 cikin duwatsun Sabuwa yana ɗan shekara 18, a 1897 ya jera ta lamba 1 zuwa 12 gwargwadon girma, a 1955 ɗansa Marcel ya ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan. A 1989 sunan ya shiga ƙamus na Larousse, abin da nakan tuna wa ɗalibai idan muna darasin yadda sunan mutum ke zama sunan abu.

Hanyar da irin wannan haja ta bi zuwa ƙauyukanmu ita ce hanyar gujiya. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya buɗe wa gujiyar ƙasar Hausa ƙofar teku. Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu manyan kamfanonin Turawa, irin su CFAO da SCOA da Compagnie du Niger français, suka kafa kantuna a Maraɗi da Damagaram. Da kaka su sayi gujiya, manomi ya karɓi kuɗi, ya cire na haraji, abin da ya rage kuma ya koma kantin da ya fito: yadi, fitila, kwanon sha, sukari, sabulu, ashana, da ƙananan kayan ƙarfe. Ƴan kasuwar gida su ke karɓar hajar bashi su kai ta kasuwannin ƙauye, kuma daga cikinsu ne aka samu attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, Les Alhazai de Maradi. A gidanmu an ce da kuɗin gujiya kakana ya sayi wuƙarsa, kafin samun ƴancin kai na 1960. Bayan haka gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta karɓi cinikin gujiya, farin 1973 da 1974 kuma ya karya noman. Wuƙar ta fi cinikin da ya kawo ta tsawon rai.

Me ya sa mutum irin kakana, wanda maƙeri ke zaune gida uku daga nasa, ya zaɓi baƙuwa? Na ga amsar da idona ina yaro. Malami ne, kuma malami ba ya yawo da wuƙa a damtse kamar mai shirin faɗa. Amma yana bukatar kaifi sau goma a yini. Da ita yake feƙe alƙalamin kara: ya yanke gaɓa, ya fere gefe ɗaya a karkace, ya tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada, ya gwada a kan farcen babban yatsa. Almajiri ashirin, alƙalami ashirin. Da ita yake yanke akaifa ranar Juma'a, ya fere mana rake, ya datse igiya, ya cire ƙaya daga ƙafar yaro, ya gyara bakin laya kafin a kai wa baduku. Idan ya gama sai ya goge ta a gefen buzu, ya rufe da tafin hannu, a ji ƙas, ta ɓace cikin riga. Wuƙar aljihu ta dace da sababbin mutanen zamanin: malami, ɗan kasuwa mai shiga mota, tela, direba, ma'aikacin gwamnati, mutanen da ke son amfanin wuƙa ba tare da an gan su da makami ba. Kuma akwai ladabinta, wanda aka koya mana da duka in ta kama. Ba a miƙa ta a buɗe. Ba a nuna mutum da ita ko da wasa. Yaro ba ya taɓa ta babba sai an aike shi.

Sai dai ɓoyuwar da ta sa aka so ta, ita ce kuma ta jawo mata zargi. A yaƙin ƙwatar ƴancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, Douk-Douk tana aljihun kusan kowa, kuma an yi kisa da ita. Hukumomin Faransa suka ɗauke ta a matsayin kayan yaƙi, suka hana shigar da ita ƙasar, suka ƙwace wadda ke ajiye. Hajar da Faransa ta ƙera don ta ci ribar talakawan da take mulka ta zama abin da take tsoro a hannunsu. Wuƙar ba ta sake ba, ƙarfen nan ne dai da ƙusoshinsa biyu.

Irin wannan juyi ya sake faruwa a duniya baki ɗaya bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, lokacin da aka hana shiga jirgin sama da wuƙa a jiki. Masu ƙera jar wuƙar sojan Suwis, waɗanda filayen jiragen sama ke cikin manyan kasuwanninsu, sun ji jiki, har a 2005 kamfanin Victorinox ya saye abokin gasarsa Wenger. A Faransa kanta, ƙasar Opinel da Douk-Douk, yawo da wuƙa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne a doka. Mu ma nan abin ya iso mu ta tamu hanya. Wanda ya ga fim ɗin Aïcha Macky na 2021 mai suna Zinder, a kan matasan unguwar Kara-Kara, ya ga tabon wuƙa a jikin samari, kuma ya san dalilin da ya sa iyaye ke firgita idan aka ce an samu yaro da ita.

Ni malami ne, kuma ina goyon bayan dokar da ta hana kawo wuƙa makaranta. Amma akwai ranar da dokar ta sa ni jin kunya. An binciki jakunkuna, aka samu wata ƴar wuƙa mai naɗewa, irin ta ƙasar Sin mai araha, a jakar wani yaro ɗan ƙauye da ke zaune gidan mai masauki. Aka kira mahaifinsa. Dattijon ya yi tafiyar rabin yini, ya zauna a bakin kujera, ya saurari duk abin da aka faɗa, sannan ya juyo gare ni.

«Mushe, ni na ba shi da hannuna ranar da zai taho birni. Haka ubana ya yi mini. In takalminsa ya tsinke, da me zai gyara?»

Na ce: «Gaskiya ne, Baba, amma nan yara sun yi yawa, kuma ba duka aka koya wa abin da ka koya masa ba.»

Ya yi shiru, ya karɓi wuƙar ya sa aljihu, ya yi godiya. Duk tsawon zancen, ta kakana tana cikin aljihun wandona, domin da safen nan na feƙe fensir da ita a gida na manta ban ajiye ba. Tun daga ranar take zama a gida.

Ga ƙungiyoyinmu na al'adu ina da roƙo ɗaya. Idan ana tattara kayan tarihi, hankali yakan tafi ga takobi da garkuwa da wuƙar damtse, abubuwan da ke da kwarjini a bango. Irin waɗannan ƙananan wuƙaƙe na nan cikin akwatunan tsofaffi, tare da fitilun kanti da tsofaffin ma'aunan gujiya, kuma waɗanda suka san a wace kasuwa aka saye su, da nawa, da sunan da ake kiransu a Gobir ko Adar ko Damagaram, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu zai iya tambayar kakansa cikin hutu guda. Masana'antar Cognet tana nan a Tiyer tana ƙera Douk-Douk, tarihin ɓangarensu a rubuce yake. Namu ɓangaren yana bakin tsofaffi.

Bara ƙusar da ke riƙe ruwan wuƙar kakana ta saki, ruwan ya fara lilo. Na kai ta rumfar wani tsohon maƙeri a kasuwa, cikin masu buga hauya da lauje da ƙarfen tsofaffin motoci. Ya juya ta, ya shafa zanen da babban yatsa.

«Malam, zanen na mutanen Abzin ne, amma aikin ba nasu ba ne. Ta kanti ce. Rabona da ganin irinta tun ina zuga wa babana wuta.»

Na ce: «Za ta gyaru, Baba?»

Bai amsa ba. Ya fitar da tsohuwar ƙusar da ɗan tsinke, ya datse guntun wata ƙusa ta gini, ya zura, ya ɗora a kan uwar maƙera ya daddanne kanta da ƴar guduma, yana buɗewa yana rufewa har sai da ya ji ƙarar da yake nema. Ya wasa ta a dutse, ya aske ɗan gashin bayan hannunsa da ita, ya ce in ba da dala ashirin. Sabuwar ƙusar baƙa ce, ta fi ta da kauri, kuma kanta ya ɗan karkace wajen zanen.